Gwajin THM a ruwan makarantarmu: ra'ayina kan ɗakin gwajin da na kai wa samfur

Duk wanda ruwan shan jama'a ke wuyansa, makarantar kwana ce ko asibiti ko masana'antar ruwan leda, matuƙar yana ƙara kulorin da hannunsa a tanki, ina ba shi shawara ya biya kuɗin gwajin THM, wato wasu sinadarai da kulorin ke haifarwa a cikin ruwa, ko da sau ɗaya ne a shekara. Hidimar tana da tsada, kuma ɗakin gwajin da na yi hulɗa da shi yana da gyare-gyaren da zan faɗa ba ɓoye-ɓoye. Amma aikin da na biya a yi mini an yi shi da kyau, kuma ya sauya yadda muke sarrafa ruwa a makarantarmu.

Ni malamin kimiyyar sinadarai ne a wata makarantar kwana mai zaman kanta a Kano, kuma tun da aka lura ina yawan magana a kan tankuna, sai aka ɗora mini kula da su. Ruwanmu iri biyu ne. Akwai na famfo, wanda ke zuwa lokaci-lokaci, muna tara shi a babban tankin ƙasa na siminti. Akwai kuma na rijiyar burtsatse. Daga tankin ƙasa inji ke tura ruwa zuwa baƙaƙen tankunan roba da ke kan bene, daga can ya sauko ɗakunan kwana da kicin da wurin alwala. Saboda ruwan yana daɗewa a ajiye, al'adar da na tarar ita ce a ƙara masa garin kulorin, wannan farin gari mai ƙarfin kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari, musamman da damina idan ruwan ya zo da launin ƙasa.

A nan matsalar take. Kulorin ba ƙwayoyin cuta kaɗai yake ci ba. Idan ya haɗu da ruɓaɓɓen ganye da gansakuka da sauran dattin tsirrai da ya narke a ruwa, yana haifar da wasu sabbin sinadarai da ba su cikin ruwan tun asali. Wani masanin sinadarai mai suna Johannes Rook, da ke aiki a hukumar ruwa ta birnin Rotterdam a ƙasar Holan, shi ya wallafa wannan a 1974, kuma a shekarar ce wasu masana a Amurka suka gano abu ɗaya. Tun daga lokacin an gano irin waɗannan sinadarai fiye da 600, amma waɗanda aka fi aunawa su ne guda huɗu da ake haɗawa a kira tirihalomitan, wato THM a taƙaice: kulorofom, da buromodaikuloromitan, da daiburomokuloromitan, da buromofom. Biyun farko, cibiyar binciken ciwon daji ta duniya da ke Liyon a Faransa ta sa su cikin rukunin abubuwan da mai yiwuwa ne su jawo ciwon daji ga ɗan Adam. Binciken da aka yi a kan jama'a a ƙasashe da dama kuma ya nuna alaƙa tsakanin shan ruwa mai yawan THM na shekaru masu yawa da ciwon dajin mafitsara. Ba abu ba ne da yaro zai sha yau ya kwanta gobe. Haɗari ne na tsawon rai, kuma yaran da ke hannunmu shekara shida suke yi suna shan ruwa ɗaya.

Abubuwan da ke ƙara yawan THM sanannu ne: yawan dattin tsirrai a ruwa, yawan kulorin, zafi, da daɗewar ruwa a ajiye. Wanda ya san Kano a watan Afrilu, ya kuma taɓa sa hannu a ruwan baƙin tanki da azahar, zai gane abin da ya hana ni kwanciyar hankali. Ruwan famfon birnin nan daga koguna ake ɗebo shi, ana tace shi a wurare irin su Tamburawa da Challawa, kuma galibi ruwan kogi ya fi na ƙarƙashin ƙasa dattin tsirrai. Idan ya iso wurinmu sai mu ajiye shi, mu ƙara masa kulorin, mu ɗora shi a rana. Duk sharuɗɗan sun cika a cikin gidanmu.

Kafin in kai ga ɗakin gwajin, bari in yi magana a kan ɗan akwatin gwajin da muke da shi, domin mutane da yawa suna zaton ya wadatar. Ƙaramin kwalaben roba ne mai jerin launuka a gefe, irin wanda masu kula da wuraren ninkaya ke amfani da shi. Ka cika shi da ruwa, ka jefa ƙwayar DPD mai lamba 1, ka girgiza, ruwan ya koma ruwan hoda, ka gwada launin da jerin. Dabarar ta wani Baturen Ingila ce, Arthur Palin, tun 1957, kuma kamfanoni irin su Palintest da Lovibond suna yin ingantattu. Ina yaba wannan akwati ƙwarai. Ba shi da tsada, ba ya buƙatar wuta, kuma cikin minti ɗaya zai gaya maka ko akwai ragowar kulorin a famfo. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son a samu aƙalla miligiram 0.5 a lita bayan minti 30 da zuba kulorin, kuma kada ya gaza 0.2 a bakin famfon da ake sha. Akwatin yana amsa wannan tambayar. Sai dai bai san komai game da THM ba. Yana auna kulorin da ya rage, alhali THM daga kulorin da ya riga ya ƙare yake fitowa. Haka ma wannan 'yar na'urar mai kama da alƙalami da masu tallan matatar ruwa ke tsomawa a kofi su nuna maka lamba: gishirin da ya narke a ruwa kawai take aunawa, kuma kulorofom ba ya motsa ta ko kaɗan. Na sha ganin an tsorata iyaye da ita, abin yana ɓata mini rai.

Neman wanda zai yi gwajin ya fi komai wahala. Wani ɗakin gwaji a nan cikin gari ya ce mini suna gwada "komai na ruwa". Da na nemi jerin, sai na ga tsami, da gurɓata, da ƙarfe, da ƙwayoyin cuta na bayan gida. Gwaje-gwaje ne masu amfani, amma ba su na zo nema ba. Na tambayi matashin da ke wurin game da na'urar da ake auna THM da ita, na ce, "Malam, kuna da na'urar gas kuromatogiraf?" Ya ce a kawo ruwan a jarka tukuna za su san yadda za a yi. Daga jin jarka na san ba wurin ba ne, domin THM sinadarai ne masu tashi a iska, kuma ruwan da aka ɗauko a jarka ya sha girgiza a bayan a-daidaita-sahu ya riga ya zubar da wani kaso na abin da ake son aunawa.

Wanda na dace da shi wani ɗakin gwaji ne mai zaman kansa a Legas, wani abokin karatuna da ke aiki a masana'antar lemo ya haɗa ni da su. Abin da ya fara burge ni shi ne tambayoyin da matar da ke kula da sashen ta yi mini a waya kafin ta ambaci kuɗi. Daga ina ruwan yake? Wane irin kulorin kuke sawa, gari ko na ruwa? Kwana nawa yake yi a tanki? Wane famfo ne ya fi nisa da tankin? Sannan ta ce, "Malam, kada ka aiko mana da samfur ɗaya. Samfur ɗaya lamba kawai zai ba ka. Ka ɗauka inda ruwan ke shigowa, ka ɗauka a tankin ƙasa, ka ɗauka a famfon ƙarshe, sai ka ga inda abin ke ƙaruwa." Wannan shawarar ta ninka mini kuɗi, amma gaskiya ce, kuma da ba ta ba ni ita ba da sakamakon bai amfane ni ba. Na tambaye ta ko suna da takardar shaidar ISO 17025, wadda ke nuna an tantance ƙwarewar ɗakin gwaji. Ta turo mini hotonta, har da shafin da ke lissafa gwaje-gwajen da shaidar ta ƙunsa. Ina jan hankalin mai karatu ga wannan shafin, domin ɗakin gwaji na iya samun shaidar a kan gwajin ƙwayoyin cuta, ba tare da ta shafi THM ba.

Su suka aiko da kwalabe. Ƙanana ne na gilashi mai duhu, masu cin mililita 40, murfinsu da wata roba mai laushi a tsakiya inda allurar na'ura ke hudawa. A cikin kowace akwai ɗan gari kaɗan, wanda aikinsa ya kashe ragowar kulorin nan take, domin idan aka bar shi zai ci gaba da haifar da THM a cikin kwalbar tana hanya, lambar ta fito fiye da gaskiya. Akwai kuma kwalba guda da suka cika da tsabtataccen ruwa suka rufe, suka ce kada in buɗe ta, in tafi da ita duk inda na je in mayar musu. Idan aka samu wani abu a cikinta, to a hanya samfuran suka gurɓace, ko daga hayaƙin fetur ko wani abu. Wannan kwalbar ita ta tabbatar mini da cewa mutanen sun san aikinsu.

Ɗaukar samfurin yana son natsuwa. Za ka buɗe famfo ya zuba na 'yan mintuna, sannan ka rage shi ya zama siririn zare. Ka karkata kwalbar ruwan ya bi gefenta ba tare da kumfa ba, kada ka ɗauraye ta don garin nan zai fita, ka cika har ruwan ya yi tozo a baki, ka rufe. Sai ka kifa ta ka ƙwanƙwasa. Idan ka ga ko ɗigon iska ɗaya ya taso, samfurin ya lalace, domin sinadaran za su gudu cikin iskar. Daga nan sai cikin kula mai ƙanƙara, a riƙe shi a sanyin kusan digiri 4, kuma dole a auna shi cikin kwana 14. Na ɗauki ɗalibai biyu na ajin ƙarshe suka taya ni, kuma ban taɓa ganin darasin sinadarai ya shige su kamar na ranar ba.

A nan ne kuma zan fara ƙorafi. Takardar umarnin da suka haɗo da kwalaben an yi ta ne don wanda ya riga ya san aikin. Babu hoto ko ɗaya, kuma maganar kifa kwalba a duba iska ba ta ciki sam, a waya matar ta faɗa mini. Shugaban makaranta ko mai masana'antar ruwan leda da bai karanta kimiyya ba zai cika kwalba rabi ya aika, a karɓi kuɗinsa a ba shi lambar da ba ta da ma'ana. Na biyu, ba su da wani tsari na karɓar samfur daga Arewa. Ni na nemi mai kai kaya ta jirgin sama, ni na yi ta bin sa da waya don kada ƙanƙarar ta narke a ofishinsu, kuma kuɗin aikawa ya kusa kai kuɗin gwajin samfur guda. Na uku, sakamakon ya wuce ranar da suka yi alkawari, kuma sai da na kira aka gaya mini iskar gas ɗin da na'urar ke aiki da ita ce ta ƙare. Uzuri ne da ake fahimta a ƙasar nan, amma ya kamata su sanar da ni da kansu, tun da kwana 14 ɗin nan suna tafiya. Na duba ranar da aka rubuta an yi gwajin, tana cikin wa'adi, sai hankalina ya kwanta.

Takardar sakamakon kanta tana da kyau ta fuskar aiki. Kowane ɗaya daga cikin sinadaran huɗu da layinsa, a maikirogiram cikin lita, da mafi ƙanƙantar adadin da na'urar ke iya gani, da hanyar gwajin da aka bi. Kwalbar da ban buɗe ba ta fito babu komai. Da na nemi zanen da na'urar ta fitar, mai tsaunuka huɗu, ɗaya ga kowane sinadari, sun turo ba gardama. Abin da babu shi ne bayani. An jera lambobi, an sa iyaka guda a gefe, an sa hannu. Kuma maganar iyaka ba ta da sauƙi haka.

Amurka ta sa iyakar jimillar THM a maikirogiram 100 a lita a 1979, ta rage zuwa 80 a dokar 1998, kuma matsakaicin shekara ake dubawa, ba gwaji ɗaya ba. Tarayyar Turai tana kan 100. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ba da jimilla ɗaya ba. Kowane da tasa: kulorofom 300, buromodaikuloromitan 60, sauran biyun 100 kowanne. Sai ka raba abin da aka samu da iyakarsa, ka tara amsoshin huɗu, kada su wuce 1. Ga misali, ba sakamakonmu ba ne, don a gane lissafin kawai: a ce kulorofom 60, na biyu 18, na uku 10, buromofom babu. Lissafin hukumar zai ba da 0.2 da 0.3 da 0.1, jimilla 0.6, ruwan bai ƙetare iyaka ba. A ma'aunin Turai jimillarsu 88 ce, ba ta kai 100 ba. A ma'aunin Amurka ya haura 80. Ruwa ɗaya, hukunci biyu. Ɗakin gwajin da ke karɓar kuɗi masu yawa haka ya kamata ya ƙara sakin layi guda da zai bayyana wa abokin hulɗa wannan, da harshen da zai gane.

Namu sakamakon ya nuna abin da na yi zato, amma da ƙarfin da ban zata ba. Ruwan da ke shigowa daga titi THM ɗinsa kaɗan ne. A tankin ƙasa ya ƙaru. A famfon ƙarshe, na ɗakin kwanan ƙananan yara, wanda ruwansa ke fitowa daga tankin da ya fi shan rana, ya fi ko'ina yawa, kuma kusan duka kulorofom ne. Bai ƙetare ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ba, amma a fili yake cewa mafi yawan abin a cikin harabarmu ake haifar da shi.

Da na kai wa mai makarantar takardar, abin da ya fara cewa shi ne a daina sa kulorin gaba ɗaya. Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago." Na tuna masa 2021, shekarar da kwalara ta kama mutum sama da dubu 100 a Najeriya ta kashe sama da 3,000, kuma Kano da Jigawa da Bauchi na cikin jihohin da abin ya fi shafa. Amai da gudawa na iya kashe yaro cikin kwana ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta rubuta cewa kada a raunana kashe ƙwayoyin cuta a ruwa don gudun waɗannan sinadarai. Wannan ne abin da na fi jin tsoro game da gwajin nan: ya faɗa hannun wanda zai ga kalmar ciwon daji ya firgita ya rufe robar kulorin. Shi ya sa rashin bayani a takardar sakamako ba ƙaramin aibi ba ne a wurina.

Gyaran da muka yi bai ci kuɗi sosai ba. Mun kwashe tankin ƙasa muka wanke, kuma laka da ganyen da aka fitar daga gindinsa sun isa su bayyana rabin labarin. Mun gyara murfinsa, muka sare reshen darbejiyar da ke zubar da ganye a kai. Idan ruwa ya zo da launi, yanzu sai an sa alif ya kwanta an tsiyaye kafin kulorin ya shiga, domin cire dattin tun farko shi ne maganin abin daga tushe. Mun yi wa tankunan bene rumfa. Mun daina cika tankin da ba a buƙata lokacin hutu. Sannan na zauna da dattijon da ke kula da injin ruwa, wanda shekaru yana zuba garin da gwangwanin madara, gwargwadon yadda idonsa ya ga launin ruwan. Na ce, "Baba, daga yau akwatin nan ne zai riƙa gaya mana ko a ƙara ko a bari." Ya karɓa da hannu biyu, kuma yanzu shi ke jefa ƙwayar DPD kowace safiya ya rubuta lambar a littafi. A kicin da wurin shan ruwa mun sa matata mai gawayi, irin gawayin da aka sarrafa don tace ruwa, domin yana kama kulorofom, da sharaɗin a riƙa sauya shi a kan lokaci. Gawayin yana cire kulorin ma, saboda haka a bakin famfo ake sa shi, ba kafin tanki ba.

Abu biyu ban samu a wannan zagayen ba. Akwai wani rukunin sinadaran, haloasetik asid, wanda Amurka ta sa wa iyakar maikirogiram 60 a lita a kan jimillar guda biyar. Su ba sa tashi a iska kamar THM, don haka tafasa ruwa ba ya korar su yadda yake rage kulorofom. Ɗakin gwajin yana yin su, amma da kwalabe daban da kuɗi daban, kuma kasafinmu bai kai ba. Ga masu amfani da kulorin na ruwa kuma akwai kuloret, wanda ke taruwa a cikin jarkar kulorin idan ta daɗe a zafi, iyakarsa miligiram 0.7 a lita a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya. Mu gari muke sawa, shi ya sa na jinkirta shi, amma mai masana'antar da ke ajiye jarkoki a shago mai rufin kwano ya tambaya.

Wa zan tura wurinsu? Makarantun kwana, asibitoci, otal-otal, masu ruwan leda da ke ɗaukar ruwan famfo ko na kogi, da rukunin gidaje masu tanki ɗaya. Magidancin da ke shan ruwan burtsatse mai haske, yana jefa ƙwayar kulorin a jarka bisa ƙa'ida, kuɗinsa ya fi amfani a gwajin ƙwayoyin cuta. Idan makarantu uku ko huɗu na unguwa ɗaya suka haɗa samfuransu a kula ɗaya, kuɗin aikawa zai ragu sosai, kuma na fara wannan maganar da malaman kimiyya na makarantun da ke kusa da mu. Gwajin da muka yi na bazara ne. Na riga na nemi a aiko mana da sabbin kwalabe a watan Agusta, lokacin da koguna ke cike da ruwan damina, kuma a wannan karon na roƙi mai makarantar ya amince a haɗa da haloasetik asid a famfon ƙananan yara.